Labaran Ya Je Biko Cikin Akurki

A gabana Labaran ya yanke shawarar zuwa biko Kurfi da mota, yana cin ɗanwaken da Innata ta aiko ni da shi, don wata biyu ke nan ba a hura wuta a gidansa ba. Ɗan kawuna ne, ni Ma'u ɗiyar gwaggonsa ce, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa halal ne. Wasan taubasai ba a kai shi gaban alƙali.

Ya lashe yatsa ya ce, "Ma'u, mutanen Kurfi za su ga bikon da kakanninsu ba su gani ba. Ranar Asabar, in Allah ya kai mu, Sakinatu a gefena za ta dawo Dutsin-Ma, iska tana kaɗa mata gyale."

Na ce, "Cikin Akurki?"

Ya ce, "Cikin Gimbiya. Ki iya bakinki."

Bari in ba ku asalin abin. Labaran ya daɗe yana aikin boyi a gidan Baturen rijiya, can bariki. Da aka samu mulkin kai Bature ya tattara ya tafi, sai ya bar masa motar matarsa, don an rasa mai saye. In na ce mota kada ranku ya kai ga mota. Wata 'yar dunƙulalliya ce kamar an kifa ƙwarya a kan turmi, taya biyu a gaba, ɗaya tak a baya, rabin jikinta gilashi, samanta tamfol da ake naɗewa. Mutum biyu take ɗauka, su ma in suna shiri da juna. Ƙofarta guda ce, kuma ita ce fuskar motar gaba ɗaya: in ka buɗe, sitiyari ma biyo ƙofar yake yi waje. Ranar da aka turo ta cikin gari, wata tsohuwa mai daddawa ta leƙa ta ce, "Ikon Allah, akurkin Turawa har da madubi!" Shi ke nan suna ya bi ta.

To, mota tana son ɗaki, in ji Labaran. Madafar Sakinatu ce ke jingine da titi, sai ya fasa bangonta, ya kwashe murhu da tukwane ya zube a tsakar gida, aka tura Gimbiya ciki da baya. Damina ta faɗi. Sakinatu ta yi kwana goma tana tuƙa tuwo da faifai a ka, ruwa yana kashe mata wuta, shi kuwa yana zaune cikin mota a bushe yana goge gilashi da gefen rigarsa. Ran na sha ɗaya ta ɗaure awakinta biyu, ta ɗora tukunyarta a ka, ta tsaya a bakin madafar ta ce, "Malam, in yunwa ta taso, ka murɗa makulli." Ta tafi gidan ubanta.

Uban nata, Alhaji Ummaru mai hatsi, mutum ne mai magana ɗaya. Ya aiko cewa ba ya son dattawan aike. Labaran ya zo da ƙafarsa ranar Asabar da hantsi, ya durƙusa a gaban ƙannen Alhajin, ya faɗi da bakinsa abin da ya yi. In rana ta faɗi bai yi haka ba, to ya aiko wa yarinya da takardarta.

Labaran kuwa yana son matarsa, wannan ko ni ba zan yi masa ƙarya a kai ba. Har ramewa ya yi, sai dai cikinsa da ya ƙi bin sauran jiki. Amma a ce ya durƙusa ya ce ya yi wauta, nan gizo ke saƙa. Sai ya samo dabara.

Ya ce wa Innata, "Gwaggo, kin san mi ya sa aka yi mata ƙofa a gaba? Motar ladabi ce. Duk motar duniya ta gefe ake fita, ka ba surukinka haƙarƙari. Wannan kuwa ka tsaya daidai gabansa, ƙofa ta buɗe, ka zubo a ƙasa takalmi a hannu. Wallahi in Baba Alhaji ya ga wannan gaisuwa, ba zai ma tuna da zancen madafa ba."

Inna ta ce, "Ka iya tuƙa ta?"

"Gwaggo, shekara uku ina wanke ta. Wanda ya yi wa jariri wanka shekara uku ai ya san halinsa."

Tun da ta zo hannunsa ba ta taɓa tafiya ba. Kullum da la'asar yakan buɗe ƙofa ya zauna a ciki, ƙafa ɗaya kan ɗaya, mutane su taru ya ba su tarihi. Ni ma can nake zuwa ɗibar abin kwaikwayo, don in na dawo gida na tura ciki na ɗaga haɓa, har Inna sai ta riƙe haƙarƙari.

"Wannan da kuke gani," haka yake farawa, yana shafa ta kamar mai cinikin doki, "guda bakwai aka ƙera a duniya. Wani tsohon maƙeri ne a bayan Ingila, shekara arba'in yana tunaninta. Da ya gama ta bakwai sai ya ce ilmin ƙira ya ƙare, ya jefa guduma a teku. Shi ya sa aka daina yin ta. Ba a maimaita abin da ya cika."

Hudu makaniki, wanda ke gyaran manyan motoci a gindin mangwaron tasha, ya ce, "Labaran, ka ji tsoron Allah. Ni na yi aiki da wani a Kano da ya san ta. Bayan yaƙi ne Turai ta talauce, ƙarfe ya yi wuya, fetur ya yi wuya, sai masu ƙera firji suka ɗauki injin babur suka yi masa rumfa. Dubi ƙofar, ba irin ta firjin maigidanka ba ce? Da mutanensu suka farfaɗo suka fara son motar da za ta ɗauki mata da 'ya'ya, sai aka bar ta. Yanzu ko ƙusarta ta faɗi, sai dai ka je wa maƙeran Wurma."

"Kun ji hassada ko? Firji! Wa ya taɓa ganin firji da ham?" Ya danna, ta yi wani ɗan kuka kamar an taka wutsiyar ɗan akuya.

Duk da haka Hudu ne ya zuba mata fetur ranar Juma'a da yamma, ya sa aka turo ta filin idi, ya nuna masa kuloci da giya da birki. Labaran ya yi ta kewaya fili har magariba ta kusa. Hudu ya ce, "Saura abu guda, shi ne babba."

Labaran ya ɗaga masa hannu. "Hudu, wanda ya koyi abu a gidan Bature ba ya neman ciko a gindin mangwaro."

Sai Hudu ya jawo ni gefe. Ya ce, "Ma'u, tun da ke kike kusa da shi, ki faɗa masa kada ya tunkari bango. Abin nan ba ta da ribas. A ƙasarsu in mai taya uku ba ta ja da baya, lasin babur ya isa a tuƙa ta, shi ya sa suka toshe giyar. Gidan Bature hanyarsa kewaya ɗorawa take, a shiga ta nan a fita ta can, shi ya sa bawan Allahn nan bai taɓa lura ba."

Na ce to. Kuma na yi niyyar faɗa, Allah ya sani.

Asabar da sassafe Labaran ya fito cikin babbar riga mai aska biyu ta aro, wadda ta sha bugu har tana tsayawa da kanta, da takalmi sau ciki, da tabarau. Ya buɗe wa Inna ƙofa, don ita ce za ta shiga cikin gida ta lallashi Sakinatu. Inna ta leƙa, ta ja da baya.

"Ɗan nan, ni ba a rufe ni da raina. Zan hau jakin Ilu mai gishiri, shi ma Kurfi za shi. Ma'u ta shiga, ita ƙashinta bai yi ƙwari ba."

"Gwaggo, jaki? Sai mun gama biko mun ci abinci kafin ki iso."

"To ku rage mini."

Na shiga, ya shiga, rigarsa ta cinye rabin wurina. Ya jawo ƙofa, sitiyari ya dawo ya dafe masa ciki. Rabin unguwa ya fito kallo. Ya murɗa makulli, Gimbiya ta yi tari, ta yi atishawa, ta kama fat-fat-fat kamar injin niƙa. Ya saki kuloci gaba ɗaya, muka yi tsalle uku irin na kwaɗo, hularsa ta daki tamfol, sannan muka miƙe.

A bakin kasuwa ya wuce hanyar Kurfi da kamar taku goma.

Na ce, "Yaya Labaran, ka wuce. Af, Hudu ma ya ce in faɗa maka, wai motar nan ba ta da..."

"Kada ki kawo mini sunan Hudu a cikin motata."

"To ka yi ribas mana."

Ya dubi sandar giya, ya dubi gefe. "Ribas tana nan. Ba a taɓa ta a kan ƙaramin abu, ajiyarta ake yi." Sai ya kewaye kasuwa gaba ɗaya. Da muka dawo mahaɗar, ya tsaya ɗaga wa masu goro hannu, ya sake wucewa. Muka sake kewayawa. A zagaye na uku wani mahauci ya ɗaga wuƙa ya ce, "Labaran, har kun dawo? Ina amaryar?"

Ni dai na sauke nauyi. Na fara faɗa an hana ni, sai na naɗe sauran maganar na zauna a kanta.

Hanyar Kurfi a ƙarshen damina, manyan motocin gyaɗa sun yi mata kwari biyu, tsakiya ta yi tozo. Gimbiya ba ta kai faɗin kwarin ba. Taya ɗaya a rami, ɗaya a tudu, muka riƙa tafiya a karkace, ni a sama shi a ƙasa, sai an jima mu yi musaya. Kuma duk ramin da tayoyin gaba suka yi dabara suka raba, ta bayan sai ta je ta gaishe shi. Labaran ya ce da gangan aka yi haka, don direba kada ya yi barci.

Ga zafi. Rana ta hau, gilashin nan ya tattara ta ya zuba mana. Bugun rigar aro ya narke, shuni ya fara bin wuyan Labaran yana gangara. Na ce mu naɗe tamfol mu sha iska. Ya ce manya ba sa tafiya kai a buɗe.

Kusa da Rawayau muka yi karo da garken shanu a wata matsattsiyar hanya tsakanin gonakin dawa. Ya danna ham. Shanun suka ji kukan ɗan akuya, ba wadda ta ɗaga kai. Wani bajimi fari ya zo ya sa hanci a gilashi, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya lashe tun daga ƙasa har sama. Mai shanun, wani dattijon Bafillace, ya rataya sanda a wuya ya kewaye mu sau biyu.

Ya ce, "Sannu, Kaɗo. Wannan ɗiyar mota ce?"

Labaran ya zuge 'yar taga. "Mota ce cikakkiya, Baffa. Bakwai ne a duniya."

"Allah sarki. An yaye ta da wuri. Ina uwar?"

"Ba ta da uwa!"

"Shi ya sa." Ya girgiza kai cikin tausayi. "Ka riƙa ba ta dusa. Ƙafar bayan ma guda ta fito."

Sai da shanu ɗari da wani abu suka wuce mu ɗaya-ɗaya, kowace tana goga mana haƙarƙari. Muna nan zaune jakin Ilu ya zo ya raɓa ta gefen dawa. Inna tana bisa, ta rufe kai da zane, ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce dai, "In rage muku?"

A rafin da ke gaba kuma ruwa ya kai gwiwa. Labaran ya ce Gimbiya tana iyo, amma yau ba ta cikin nishaɗi. Wasu manoma huɗu suka ajiye fartanya, suka kama ta kowa da kusurwarsa, suka ɗauke mu cak da mu da ita suka tsallakar. Ɗaya ma da hannu guda ya riƙe, yana cin gyaɗa da ɗayan. Labaran yana ciki yana murɗa sitiyari, yana ce musu, "Dama kaɗan. Yauwa. Haka."

Hantsin da Alhaji ya ce ya wuce tun tuni. Sai bayan azahar muka shiga Kurfi, yara da manya suna biye da mu kamar an kawo kura.

Gidan Alhaji Ummaru yana ƙarshen wani lungu, rumbunan hatsi dama da hagu, hanyar tana ɗan gangarawa zuwa ƙofar zaure. A gefen ƙofar akwai dakali, a kansa Alhaji yake zaune bisa buzu da tasbaha, ƙannensa uku a kan tabarma, sun gaji da jira har sun daina hira. Jakin Ilu yana ɗaure a gindin bedi yana cin kara.

Kowa ya san yadda suruki ke zuwa wurin uban matarsa. Tun daga nesa zai sauka daga abin hawa, ya tuɓe takalmi, ya rage tsawo, ya zo ya tsuguna gefe, idonsa a ƙasa. Na ce, "Yaya Labaran, mu tsaya nan bakin lungu ka taka."

"Ke ba ki san tsarin motar ba. Taku biyu daga gabansa zan tsaya. Ki shirya, in ƙofa ta buɗe ki kauce mini."

Ya shiga lungu. Ya taka birki a inda ya yi niyya, sai dai birkin ya sha ruwan rafi, ga gangara. Gimbiya ta ci gaba da tafiya a hankali, cikin natsuwa, kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa. Ƙannen Alhaji suka kwashe tabarma suka watse. Alhaji bai motsa ba, ƙafafunsa kawai ya naɗe. Muka je muka sumbaci dakali, tim, inji ya mutu.

Tsakanin hancin Labaran da hancin surukinsa bai fi kamu ɗaya ba, sai gilashi da yawun bajimi.

Labaran ya murɗa hannun ƙofa ya tura. Ta buɗe kamar faɗin yatsa biyu, ta daki dakali. Ya sake turawa. Ya sa kafaɗa. Ga shi zaune daram a kan kujera, da takalmi, da tabarau, ido cikin ido da uban matarsa, abin da ko mahaukacin Kurfi bai taɓa yi ba.

Alhaji ya ja tasbaha ɗaya ya ce, "Wa alaikumus salam."

Labaran ya yi ƙoƙarin durƙusawa a inda yake, goshinsa ya sauka a kan ham, ɗan akuya ya yi kuka a fuskar Alhaji. Lungu ya cika maƙil, har kan katanga mata ne. Sai ya tuɓe takalman, ya rasa yadda za a san ya tuɓe, ya ɗaga su ya manna a gilashi. Wani daga cikin ƙannen Alhaji, Kawu Mamuda, ya ce, "Yaya, ina jin sayarwa yake."

Na naɗe tamfol na taka kujera na fice ta sama, na dira, na durƙusa na gaida kowa yadda ya kamata, don a ga bambancin tarbiyya. Labaran ya ga hanya, ya miƙe zai bi ni. Kai ya fita, kafaɗu suka fita, ciki da rigar aro suka ce nan muka tsaya. Yanzu ya zama a tsaye, ƙirjinsa a sama da rawanin Alhaji, yana kallonsa daga bisa kamar mai wa'azi, shuni ya yi masa gemu.

"Baba, barka da... ina wuni, Baba. Mun same ku lafiya?"

Alhaji ya ɗaga kai ya dube shi. "Lafiya lau. Yau shekarata sittin da uku, ban taɓa ɗaga kai na amsa gaisuwar suruki ba. Allah ya nuna mini."

Samari suka matso za su ja motar baya, don kowa ya ga ba nauyi gare ta ba. Da ya yi shiru, da an wuce wurin. Amma Labaran ne. Ya ce, "Kada wanda ya taɓa ta! Tana da ribas. Irin ribas ɗin da ke cikinta ma babu shi a Nijeriya."

Alhaji ya ce, "Kun ji. Kowa ya janye hannunsa. A bar mai abu da abinsa." Ya sauko daga dakali, ya sa aka shimfiɗa masa buzu a gindin bedi, ya zauna kallo.

Labaran ya koma ciki da ƙyar. Ya tada inji, ya ja sandar giya baya, ya saki kuloci. Gimbiya ta yi gaba, ta ɓantare gefen dakali. Ya ce wannan gwaji ne. Ya tura sandar wani wajen, ta sake yin gaba, randar da ke kan dakali ta gangaro ta fashe a kan gilashi. Wata mata a kan katanga ta yi guɗa. Ya gwada na uku, tayar baya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana watsa wa Kawu Mamuda taɓo, sai wani abu ya ce ƙaras a ƙarƙashin kujera, inji ya yi shiru irin wanda ba a dawowa.

Na matsa kusa da taga na ce a hankali, "Saƙon Hudu ne ban ƙarasa ba ɗazu. Wai ba ta da ribas."

Kallon da ya yi mini, da ƙofar tana buɗewa da ban kai yau ba.

La'asar ta yi, aka yi salla aka dawo, yana ciki. Rana ta juyo ta daki gilashi. Alhaji ya dubi inuwar bedi ya ce, ba da kowa yake ba, "Na dai ce in rana ta faɗi."

Sai muka ji murya daga cikin zaure, bayan asabari. Sakinatu ce, Inna tana tsaye a bayanta.

"Baba, a ba ni izini in tambayi direba."

"Tambaye shi, ɗiyata."

"Malam, da zafi a ciki?"

Labaran ya sake fito da kai ta sama, ba tabarau, ba hula. "Da ɗan ɗumi."

"Ni tawa madafar da aka ba ni ruwa ne ke zuba, ka ga kai ka fi ni sa'a. Shekara nawa ka yi kana tuƙi?"

Ya dubi jama'a, ya dubi rana, ya dubi asabarin.

"Jiya na fara."

Lungu ya ɗauki dariya. Ta jira aka lafa.

"Maƙerin nan da ya jefa guduma a teku fa?"

"Ban san shi ba. Masu firji ne suka yi ta, in ji Hudu. An daina yi don ba mai so." Sai kuma maganar ta ɓalle masa kamar an kwance bakin buhu. "Baba, ku gafarce ni, na so in durƙusa, wurin ne babu. Na rushe mata madafa saboda wannan abin, na bar ta cikin ruwa ina zaune a bushe. Wauta ce, ba ta da wani suna. In ta dawo, da hannuna zan kwaɓa ƙasa in gina mata, har da taga. Wata biyu ina cin ɗanwaken Gwaggo, Allah ya saka mata, amma kanwa tana yi masa yawa."

Inna ta ce daga ciki, "Ka ji ɗan banza!"

Alhaji ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa suna rawa. Da ya samu kansa ya ce, "To, durƙuso dai bai samu ba, amma magana ta fito. Mamuda, kun ji?" Suka ce sun ji. "Sakinatu, ke fa?"

Ta fito lulluɓe, da igiyar akuyarta a hannu, ta raɓa ta bayan motar ta ɗaura a ƙarfen baya, ta miƙo mini bakin igiyar muka kama tare. Ja ɗaya muka yi, Gimbiya ta biyo mu kamar tunkiya. Ƙofa ta buɗe, sitiyari ya yi waje, Labaran ya zubo ƙasa a kan gwiwoyinsa, takalmi a hannu, daidai gaban buzun Alhaji.

Ya ɗago kai ya dube ni. "Kin gani? Haka aka tsara ta."

Washegari muka dawo Dutsin-Ma a babbar motar gyaɗa. Sakinatu da Inna a gaba kusa da direba, ni da awaki a baya, Gimbiya a ɗaure bisa buhuna, Labaran a cikinta yana riƙe da sitiyari, yana ɗaga wa mutanen Rawayau hannu.

Hudu ya duba ya ce sarƙar da ke juya tayar baya ce ta tsinke ta tafi da haƙoran wani ƙarfe, kuma irinsa ko a Legas sai dai labari. Labaran ya gina madafa cikin kwana tara, da taga, ta ɗan karkace amma ba ta yoyo. Motar kuma aka tura ta kusurwar tsakar gida, fuskarta na kallon fili.

Sakinatu ce ta gano amfaninta. Ta lura da yadda mijinta ya nuna a ciki ranar biko, sai ta dafa kalwa ta zuba a ƙwarya, ta rufe da ganye, ta ajiye a kan kujerar direba ta ja ƙofa. Daddawar da ke kwana uku kafin ta yi, a kwana biyu ta kama, ga ƙamshi har titi. Yanzu har daga garin Ɗantutture ake aiko saye.

Jiya na wuce na tarar da Labaran ya tara mutane a ƙofar gida, ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Bakwai aka ƙera a duniya," yake ce musu, "kuma don daddawa aka yi ta. Turawa ne ba su da kalwa, shi ya sa suka daina."